Zuwa ga aminina, a kan sabon magani da abin da hanta za ta yi da shi

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ka tambaye ni dalilin da ya sa maganin da muke gwadawa bai kai ga majinyata ba har yanzu, alhali an ce yana da kyau. To, hanta ce ta tsayar da mu, kuma ba na ganin laifinta.

Yawancin magungunan da mutum ya haɗiya, hanta ce ke sarrafa su kafin jiki ya fitar da su. Masu wannan aiki wasu sinadaran enzayim ne da ake kira dangin CYP450. Babbansu CYP3A4, shi kaɗai yana da hannu a sarrafa kusan rabin magungunan da ake sha. Akwai kuma irin su CYP2D6 da CYP2C9. Ka ɗauke su kamar ƙofa guda da jama'a ke fita ta cikinta: idan wani ya tsaya a bakinta, na baya sai su taru.

Haka abin yake faruwa. Wani magani yana danne enzayim, sai maganin da aka sha tare da shi ya taru a jini har ya zama guba. Wani kuma zuga hanta yake yi ta ƙara yawan enzayim ɗin, sai ɗayan ya ƙare da wuri bai yi amfani ba. Rifamfisin, maganin tarin fuka, ya yi suna a wannan. Yana iya sa ƙwayoyin tsarin iyali su daina aiki.

Da farko a ɗakin gwaji muke zuba maganin a kan ɓurɓushin da aka tato daga hantar ɗan Adam, tare da wani maganin da aka san enzayim ɗin da ke sarrafa shi, kamar midazolam ga CYP3A4. Sai mu auna ko sarrafawar ta ragu. Gwajin zugawa ya fi cin rai, domin sai da ƙwayoyin hanta masu rai, a yi kwanaki ana ba su maganin. Idan sakamako ya nuna alamar matsala, sai a koma ga masu sa kai masu lafiya, a ba su maganin tare da midazolam. Idan adadin midazolam a jininsu ya ninka sau 5 ko fiye, an san maganin mai tsananin danniya ne, kuma dole a rubuta gargaɗi a takardarsa.

Wallahi abin da ke hana ni gaggawa shi ne tarihin tarfinadin. Maganin atishawa da ƙaiƙayi ne kawai, mutane na shan sa hankali kwance. Amma waɗanda suka haɗa shi da ketokonazol ko eritromaisin, magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu danne CYP3A4, sai ya taru a jininsu ya rikita bugun zuciya, har wasu suka rasu. An janye shi daga kasuwar Amurka a 1998. A shekarar ce kuma aka janye mibefradil, maganin hawan jini, bayan kusan shekara guda da fitowarsa, saboda yana danne CYP3A4.

Waɗanda nake tunawa kullum su ne tsofaffi, masu shan na hawan jini da na suga da na ciwon gaɓoɓi a rana guda. Ba wanda zai sha namu shi kaɗai. Namu ya nuna ɗan danniya a gwajin farko, shi ya sa muke shirin gwaji a jikin mutane. Ka taya mu da addu'a Allah Ya sa ya fito da sauƙi, in kuma bai yi ba, Allah Ya nuna mana tun yanzu.

Ka gaishe min da Baba da sauran mutanen gida.

Naka amini.