Kiristoci ne da kansu suka nemi a raba coci da gwamnati a Amurka

Ya Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon fili a jaridarka mai albarka domin in yi tsokaci kan muhawarar da ta sake tasowa a Amurka tun da jihar Luwiziyana ta kafa doka a 2024 cewa a liƙa Dokoki Goma na Littafi Mai Tsarki a kowane aji na makarantun gwamnati, dokar da wasu masu goyon bayanta ke karewa da hujjar cewa a kan Kiristanci aka gina ƙasar.

Babu mai musun cewa mafi yawan mazauna yankuna 13 da suka ɓalle daga mulkin Ingila Kiristoci ne, kuma sanarwar 'yancin kai ta 1776 ta ambaci Mahalicci, har ma jihar Masacuset ta ci gaba da ɗaukar nauyin coci da kuɗin haraji zuwa 1833. Sai dai kundin tsarin mulki na 1787 bai ayyana addinin ƙasa ba, ya kuma hana a gindaya sharaɗin addini ga mai neman muƙamin tarayya, sannan gyaran farko da aka yi masa a 1791 ya hana majalisa kafa addinin hukuma ko tauye wa wani ibadarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake nuna wannan tsari kamar aikin maƙiya addini, alhali masu ibada ne suka fi kowa fafutukar samunsa. A yankin Bajiniya kafin 'yanci, cocin Angilika ne na hukuma, ana tilasta wa kowa biyan albashin limamansa da ganyen taba, ana kuma ɗaure fastocin Baptis saboda sun yi wa'azi ba da izini ba, har wasunsu sukan ci gaba da wa'azi ta tagar kurkuku, jama'a na tsaye a waje suna saurare. Da ɗan siyasar Bajiniya Fatrik Henri ya goyi bayan ƙudurin karɓar haraji domin malaman addinin Kirista a 1784, Jemis Madison, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya yi masa raddi a 1785, yana mai cewa Kiristanci ya bunƙasa tun kafin wata gwamnati ta tallafa masa, kuma 'yan Baptis suka mara masa baya da takardun koke har aka zartar da dokar 'yancin addini ta Bajiniya a 1786. Ita kanta maganar katanga tsakanin coci da gwamnati, a wasiƙar da Shugaban Amurka Tomas Jefason ya aika wa 'yan Baptis na garin Danburi a 1802 ta fito, domin ya kwantar musu da hankali.

Akwai kuma yarjejeniyar da Amurka ta ƙulla da Tarabulus (a Libiya ta yanzu), wadda Majalisar Dattawa ta amince da ita a 1797 ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba, inda aka rubuta ƙarara cewa ba a kan addinin Kirista aka kafa gwamnatin Amurka ba, kuma ba ta gaba da Musulmi.

Saboda haka ina ganin dokar Luwiziyana ta saɓa wa abin da waɗancan fastoci suka sha ɗauri dominsa, ballantana ga shi Kotun Ƙoli ta taɓa soke irinta ta jihar Kentaki a 1980. Ina fatan jaridarka za ta riƙa kawo mana yadda shari'ar da aka shigar kan wannan doka ta Luwiziyana take gudana.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka