Kafin a sayar da fili a tafi Turkiyya dashen gashi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in ja hankalin 'yan'uwa, musamman matasanmu na nan Katsina, kan tallan dashen gashi da ya cika Facebook da TikTok: hoton mutum da sanƙo a gefe ɗaya, hotonsa da suma a ɗaya gefen, ga alƙawarin otal a Istanbul. Aikin ba damfara ba ne, yana yi. Sai dai abin da masu tallan suke ɓoyewa ya fi wanda suke faɗa yawa.

Duk wanda ya san noman rani a Ajiwa ko Jibiya ya san dashe ba ya ƙara iri. Daga wani fangali ake cirowa a kai wani. Haka gashi. Sanƙon gado yana zuwa ne daga wani sinadari na jiki da ake kira DHT, wanda ke sa tushen gashin goshi da tsakar ka ya riƙa ƙanƙancewa har ya daina tsiro. Na ƙeya da gefen kunne bai cika jin wannan sinadari ba, shi ya sa dattijo mai sanƙo tal yake ci gaba da zuwa wajen wanzami. Wani likitan fata a Amurka, Norman Orentreich, ya nuna a 1959 cewa tushen ƙeya in an dasa shi a gaba yana riƙe halinsa. Kowane tushe yana ɗauke da sili ɗaya zuwa huɗu, kuma da wuya ƙeyar mutum ta ba da fiye da tushe 6,000 zuwa 8,000 a duk tsawon ransa. Wanda aka cire ba ya sake fitowa. Gyaran gaban goshi kaɗai yakan ci 1,500 zuwa 2,500. To, wanda sanƙonsa ya tashi daga goshi ya haɗe da tsakar ka, ya yi lissafi da kansa.

Hanyoyin cirowa biyu ne, kuma duka da allurar kashe zafi ake yi, mutum yana farke, aiki na awa shida zuwa takwas. A ta farko, FUT, ana yanko siririyar fata daga ƙeya a ɗinke wurin, a rarraba tushen ɗaya bayan ɗaya. Tana barin tabo dogo da zai fito fili ga mai aski ƙwal. A ta biyu, FUE, wani ɗan bututu mai kaifi mai faɗin kimanin milimita ɗaya shi ke huda fata yana ƙwaƙulo tushen. A nan matsalarmu take. Gashin baƙar fata ba a waje kaɗai yake nannaɗewa ba, a cikin fata ma a lanƙwashe yake kamar ƙugiya. Hannun da ya saba da miƙaƙƙen gashin Bature zai tura bututun kai tsaye ya datse tushen gida biyu: an yi asararsa a ƙeya, ba a same shi a goshi ba. Don haka kada a yarda da hotunan Larabawa da Turawa. A nemi na masu irin gashinmu, shekara guda bayan aiki, har da hoton ƙeyar.

Sai maganar tabo mai tudu. Fatarmu ta fi saurin yin sa. Wanda hujin kunne, kaciya ko ƙaho ya taɓa bar masa tabon da ya kumbura ya yi ta girma, ko mai kurajen nan masu tauri da kan fito a ƙeya bayan aski, kada ya bari a huda masa kai sau dubu biyu. Likita mai tsoron Allah zai gwada 'yan kaɗan tukuna, ya jira wasu watanni ya ga yadda fata ta karɓa.

Bayan aiki goshi yakan kumbura kwana biyu zuwa huɗu, ɓawo ya faɗi cikin kwana goma. A wannan tsakani ba a sosawa, ba a shiga rana da ƙura, ba a kafa hula, abin da Bakatsine zai fi jin jiki a kansa ke nan. A tambayi likita yadda za a yi da sujada da shafar kai a alwala, domin tushen bai gama kamawa ba. Daga mako na biyu zuwa na takwas gashin da aka dasa zai zube. Wannan ba lalacewa ba ce. Sabo yana farawa wata na uku ko na huɗu, ba a kuma yanke hukunci sai an cika shekara.

Dashe ba ya tsayar da sanƙo. Gashin asali da ke bayan wanda aka dasa zai ci gaba da zuba, har mutum ya wayi gari da tsibirin gashi a goshi, fili a bayansa. Wannan ne dalilin da ya sa ake haɗawa da ƙwayar finasteride, miligiram ɗaya kullum, ko shafa minoxidil mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, kuma da an daina amfaninsu ya tafi. Finasteride yakan rage sha'awa ga wasu maza, mai ciki kuma kada ta taɓa ƙwayar da ta fashe. Saurayin da bai kai 25 ba ya haƙura tukuna, don ba a san inda sanƙonsa zai tsaya ba.

Ba kuma kowace zubar gashi ce sanƙon gado ba. Makero, ƙarancin jini, da cinyewar gaban goshi da matsattsen kitso ke jawo wa mata, kowanne da maganinsa, wani ma in aka yi dashe a kansa yana ci, sai a yi biyu babu. Ganin likitan fata a asibitin koyarwa bai kai kuɗin biza ba. Wanda aka tabbatar masa ya dace, ya tambaya a rubuce: tushe nawa za a cire, likita ne zai huda ko yaransa, mutum nawa ake yi wa a rana, kuma wa zai duba shi in wurin ya yi ruwa bayan ya dawo gida.

Na gode.

Wani ma'aikacin lafiya,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.