Lambunan Firenze da gulbinmu na Maraɗi

Malam Edita, assalamu alaikum, a ɗan ba ni fili.

Ƴan uwana masu zuwa Italiya, don Allah ku riƙa biyawa Firenze ko na yini guda ne. Ku hau tudun Piazzale Michelangelo da la'asar, gari duka na gabanku, ga kogin Arno ga gadar Ponte Vecchio mai shagunan zinariya bisanta, ga ƙubbar babban coci da aka gama tun 1436 har yau tana nan daram. Amma ni wallahi lambun Boboli ya fi tsaya mini a rai, tun zamanin gidan Medici, masu mulkin garin a da, ake kula da itatuwansa. Mu ma muna da gulbi fa, mi zai hana a dasa bedi bakinsa a sa benci, iyalai su samu wurin shan iska?

Naku, mai karatu daga Maraɗi.