Wasiƙa ga iyaye: yara masu ƙwanƙwasa ƙofa su gudu

Zuwa ga iyaye da masu riƙon ɗalibai,

Assalamu alaikum. Muna fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Wasiƙarmu ta wannan karon a kan abu guda take: yaran da ke zuwa bakin ƙofar mutane su ƙwanƙwasa ko su danna ƙararrawa, su ranta a na kare kafin a buɗe. Wani lokaci sukan jingina wani abu a jikin ƙofa don ya faɗo wa mai buɗewa, ko su ɗaure mariƙin ƙofar da igiya, ko su zuba shara a dokin ƙofa. A cikinku akwai waɗanda ake yi wa, akwai kuma waɗanda 'ya'yansu ne ke yi ba su da labari. Wasu ma sun haɗa duka biyun. Saboda haka da kowa muke.

Abin da yaron ke nema

Yawanci ba ruwan yaron da gidan, balle mai gidan. Abin da ya kai shi shi ne lokacin da ƙofa za ta buɗe da ƙarfi, babban mutum ya fito yana waige-waige yana faɗa, su kuma suna laɓe bayan katanga ko bayan mota suna toshe baki don kada dariya ta tona su. Shi ya sa da wuya a ga yaro ɗaya tilo yana wannan wasa. A shekarar 2005, Margo Gardner da Laurence Steinberg na Jami'ar Temple a Amurka sun wallafa wani bincike da suka sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta, wasu su kaɗai, wasu kuma abokansu na kallonsu. 'Yan shekara 13 zuwa 16 sun ƙara ganganci sosai da zarar sa'anninsu na wurin, manya kuwa bambancin bai taka kara ya karya ba. Yaron da yake nutsattse a gida yana iya zama wani daban idan abokai uku sun zuba masa ido.

A lura kuma da wanda ke taɓa ƙofar. Galibi ƙaramin cikinsu ne, ko sabon shiga da ke neman karɓuwa. Babban da ya kitsa abin yana can nesa inda hanyar gudu ta fi sauƙi, aikinsa ingiza mai kantu ruwa. Idan mai gida ya cafke ɗaya, sau da yawa mai ƙaramin laifin ya kama.

Idan ƙofarku ake bugawa

Abu mafi wuya shi ne wanda ya fi aiki: a hana su abin kallo. Kada a fito a guje, kada a ɗaga murya, kada a leƙo ta taga a yi barazana. A duba ta ramin leƙe ko ta gefen labule, in ba kowa a koma harkar da ake yi. Sai dai akwai tarkon da ke kayar da mutane a nan. Masu nazarin ɗabi'a sun daɗe da sanin cewa idan aka janye ladan da aka saba samu (a nan, fitowar mai gida yana faɗa), halin yakan ƙara tsananta na ɗan lokaci kafin ya mutu. Wato a kwanakin farko bugun zai yawaita, ya ƙara ƙarfi. Mai gida ya daure sau huɗu, a na biyar haƙuri ya ƙare ya fito da sanda. Abin da yaran suka koya a ranar shi ne gidan nan sai an buga sau biyar. Ladan da ke zuwa jefi-jefi ya fi wanda ke zuwa kullum kama zuciya, kamar yadda masanin ɗabi'a B. F. Skinner ya nuna a gwaje-gwajensa. Don haka sai kowa a gidan ya yarda da shirin, har 'ya'yan gidan da mai aiki, a riƙe shi aƙalla mako biyu kafin a ce bai yi ba.

A cikin waɗannan makonni a ajiye takarda kusa da ƙofa. Duk lokacin da abin ya faru a rubuta rana, da ƙarfe nawa, da yara nawa aka gani, da kayan da ke jikinsu, da ainihin abin da suka yi, da ɓangaren da suka nufa. Abin da ido ya gani kawai za a rubuta, ban da zato. Bayan kwana goma takardar kan nuna tsari: ko dai rabin awa bayan tashi daga makaranta, ko da almuru a ranakun hutu. Wanda ya san lokacin ya sami sauƙi. Zai iya cire batirin ƙararrawa ko ya rage ƙararta na wannan awa ɗaya, ya gaya wa baƙin da yake jira su kira shi ta waya. Ko kuma babba ya kasance a waje a daidai lokacin, yana shara ko yana wanke mota, ya gaida yaran da fara'a idan sun zo wucewa, ya kira wanda ya sani da sunansa. Yaron da aka ce masa "Sannu, yaya babanka?" ya san an gane shi, kuma wasan ɓuya ba ya daɗi idan an san mai ɓuyan.

Ga wanda abin ke zuwa masa da dare, fitila mai kunna kanta idan ta ji motsi tana taimakawa. A kafa ta a tsayin mita 2 zuwa 2.5, inda hannun yaro ba zai kai ba. Irin wannan na'ura ɗumin jiki take ji, kuma ta fi gane wanda ya gitta ta gabanta a kan wanda ya nufo ta kai tsaye, saboda haka a karkata ta yadda mai zuwa ƙofa sai ya ratsa ta gefe. A sa ta mutu bayan minti ɗaya ko biyu. Inda ake kuskure shi ne a fuskantar da ita titi: duk motar da ta wuce da duk kyanwar da ta gitta sai ta kama, maƙwabta su gaji, yara kuma su mai da ita sabon abin wasa. Ƙararrawa mai kyamara kuwa a kan kafa ta wajen mita 1.2 daga ƙasa, tsayin da ke ɗaukar fuskar yaro maimakon tsakar kansa. A saita ta ga bakin ƙofarku kaɗai, ban da tagar maƙwabci.

Hoton da kyamara ta ɗauka na nuna wa iyayen yaro ne, ko hukuma idan abin ya kai nan. Muna roƙo kada a ɗora shi a Facebook ko zauren WhatsApp na unguwa. Hoton dare yakan yi dishi-dishi, mutane su ambaci sunan yaron da bai ji ba bai gani ba, kuma abin da ya shiga intanet ba ya fita. Ko da yaron ne, an ba shi 'yan kallo fiye da waɗanda ya taɓa mafarki.

Akwai abubuwan da ba a yi ko yaya rai ya ɓaci. Ba a bin yaro da gudu, domin yaron da ake kora ba ya duba titi kafin ya tsallaka. Ba a riƙe shi, ba a dukansa, ba a kulle shi a gida "har iyayensa su zo". Ba a ɗana tarko: wayar lantarki a jikin mariƙi, fasassun kwalabe, sakin kare. Tarko bai san yaro mai tsokana da mai kawo saƙo ba, kuma daga ranar da wani ya ji rauni mai gidan ne zai amsa tambayoyi, an manta da wanda ya fara.

Zuwa wurin iyayen yaron

A je da rana, bayan zuciya ta huce, da takardar nan a hannu. Mutum ɗaya ko biyu sun isa. Tawaga takan sa mai gida ya ɗaura ɗamarar kare ɗansa. A nemi a yi maganar ba a gaban yaron ba, a kuma fara da abin da aka gani da illar da ya yi: "Ranar Talata da Alhamis wajen ƙarfe biyar an buga mana ƙofa an gudu. Na ga yaronku cikin su huɗu. Mahaifiyata tana fama da ƙafa, duk bugu sai ta miƙe." Kalmomi irin su "marar tarbiyya" su ne ke rufe ƙofar sulhu, don uban da aka zagi tarbiyyar gidansa ya daina jin sauran bayanin. A faɗi abin da ake so a fili, wato a daina, sannan a ba su mako guda su yi nasu aikin.

Idan ɗanku ne a ciki

Wanda ya zo muku da ƙara cikin mutunci ya yi muku alheri, don yana da hanyoyin da suka fi wannan muni bai bi su ba. A saurare shi har ya gama, ko da an tabbata ya yi kuskuren yaro. Daga baya a tambayi yaron a keɓe, da tambayar da ba ta ba da ƙofar musu: "Su wa kuke tare ranar Alhamis, wa ya fara kawo shawarar?" ta fi "Kai ne ko ba kai ba ne?" fitar da gaskiya.

Yaro ba ya tunanin wanda ke bayan ƙofa, sai an zana masa. Tsohuwa da ke ɗaukar minti biyu kafin ta iso da sandarta, kuma tana iya faɗuwa a hanya. Mai jego da ta samu jariri ya yi barci da ƙyar. Ma'aikacin dare da ke ramuwar barci. Mutumin da 'yan fashi suka taɓa shigar masa, wanda duk bugun ƙofa da dare sai gabansa ya faɗi. Na ƙarshen nan shi ne abin tsoro, domin mai firgici ko mai zafin zuciya ba ya tsayawa tambayar shekaru. A watan Janairun 2020 a jihar Kalifoniya ta Amurka, wani mutum ya bi wasu samari da mota bayan sun danna masa ƙararrawa sun gudu, ya banke motarsu, uku 'yan shekara 16 suka mutu. A 2023 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. A watan Agustan 2025 an harbe yaro ɗan shekara 11 a birnin Houston na Amurka a kan wannan wasa. Yaran da suka kai shekara goma za su iya jin waɗannan labarai, kuma gara su ji daga bakinku. A duba wayoyinsu ma, don a TikTok an yi yayin wani salo da ake tokarin ƙofa da ƙafa ana ɗauka a bidiyo. Wannan ya wuce tsokana, ɓarnar dukiya ce.

Hukuncin da ya fi tasiri shi ne wanda ya dace da laifin. Ku raka yaron gidan da rana, ya ƙwanƙwasa ya tsaya, ya ba da haƙuri da bakinsa. In an ɓata wani abu ya share ko ya gyara, in kuɗi ne a cire daga na kashewarsa. A taƙaita fitarsa a awar da abin ke faruwa na mako biyu, a kuma cike awar da wani abu, ƙwallo ko aike ko aikin gida, tun da zaman banza ne ya haifar da wasan. Duka yakan koya masa ya ƙware a ɓuya ne kawai. Kuma a koya masa abin da zai faɗa idan an zuga shi, gajere wanda ba zai kunyata shi ba, kamar "Ana jirana a gida."

Inda abin ya daina zama wasa

Idan an kai ga jifa, ko fasa abu, ko wasa da wuta a bakin ƙofa, ko zuwa tsakar dare, ko an ware gida ɗaya ana ta addabarsa saboda mai shi tsoho ne ko mai naƙasa ko baƙo a unguwar, to a kai rahoto ga 'yan sanda tare da takardar da hotunan. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma damun mutane a ƙofarsu tsohon laifi ne a wasu wurare: a Ingila, wata dokar 1839 ta birnin Landan da wata ta 1847 duk sun ambaci buga ƙofa ko jan ƙararrawa da gangan don damun mazauna gida.

A namu ɓangaren, malaman aji za su tattauna batun da ɗalibai ba tare da kiran sunan kowa ba. Wanda ya ga yara sanye da kayan makarantarmu suna wannan abu, ya kawo rana da lokaci da siffarsu ofishin makaranta, ko ya rubuto wa malamin aji. Kada a tare ɗalibi a bakin get, kada kuma a nuna wa ɗalibai hoto a ce su faɗi ko wane ne. Mu za mu kira iyayen a keɓe, kuma ba za mu bayyana wanda ya kawo rahoton ba sai da izininsa.

Wassalam,
Hukumar makaranta