Godiya ga masu gyaran waya na Farm Centre da suka ceto lissafin bashin Baba

Assalamu alaikum warahmatullah. Wannan saƙon naka ne oga mai shagon gyaran waya a kasuwar Farm Centre nan Kano, kai da yaranka, musamman ƙaramin nan mai gilashi da ya zauna da mu tun bayan azahar har aka kira magariba. Ka ce kar in sa sunan shago, to ban sa ba, amma godiyar dai sai na yi ta a bainar jama'a don abin da kuka yi mana ya wuce a ce an gode a bakin ƙofa a tafi.

Babanmu atamfa da leshi yake sayarwa a Kantin Kwari, kuma duk wanda ya san Kwari ya san ciniki ba ya tafiya sai da bashi, mutum zai zo daga Haɗeja ko Maraɗi ya ɗauki turmi 20 ya ba da abin da ya sawwaƙa ya ce ragowar sai ya dawo. Da can a littafi Baba yake rubutawa, wajen 2015 wani yaron shago ya tura masa wata manhajar rubuta bashi ta Xender, tun daga nan komai a cikinta yake, suna da gari da abin da aka ɗauka da abin da ya rage. Wayar ta tsufa sosai, batirin ya kumbura har murfin baya ba ya rufuwa sai da robar ɗaure kuɗi, shi ne muka haɗa kuɗi mu 'ya'yansa muka saya masa sabuwa.

Na tura manhajar ta Xender kamar yadda aka saba, ta shigo lafiya, amma da na danna a saka ta sai sabuwar wayar ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Na duba Play Store babu ita babu alamarta, ga dukkan alamu masu ita sun daɗe da watsar da ita. Baba bai ce min komai ba, sai juya tsohuwar wayar yake a hannunsa, kuma wallahi shirun nan ya fi min faɗa ciwo don na san kuɗin mutane ne a ciki, akwai ma na waɗanda suka ba shi kaya ya sayar musu.

Da muka zo wajenku abu na farko da yaron nan ya ce min shi ne "Yaya, dan Allah kar ka bari kowa ya yi wa tsohuwar nan fulashin, ko memori kar a cire mata tukuna." Ni kuwa niyyata kenan, a goge ta a canza batir a ba ƙanwarmu. Sannan ya juya wajen Baba ya yi masa bayani da Hausar da zai gane, ba irin masu jefa maka turanci don ka ji tsoro ka biya ba. Ya ce sabuwar Android 14 ce a kanta, kuma tun daga wannan tsarin da ya fito a 2023 Google ta hana a saka duk manhajar da aka gina ta don tsarin da ke ƙasa da Android 6, wanda shi kuma a 2015 ya fito. Dalili shi ne kafin Android 6 manhaja tana kwashe duk izinin da take so ne lokaci guda tun wajen sakawa, lambobinka da saƙonninka da kyamara, daga 6 ne aka fara tambayarka ɗaya bayan ɗaya ka yarda ko ka ƙi, to sai masu manhajar sata suka riƙa fakewa da tsohon tsarin don su kauce wa tambayar. Ya ce a Android 15 ma an ƙara ɗaga abin zuwa Android 7. Da a ce manhajar tana cikin waya ne aka yi mata afdet zuwa 14 da ba za a cire ta ba, sakawa daga farko ne aka toshe.

Baba ya ce "To yaro, kenan lissafina ya tafi?" Ya ce "A'a Baba, manhajar ce ba za ta tsallaka ba, rubutunka zai tsallaka in Allah ya yarda."

A nan ne oga ka sa baki ka ce ai ba yau aka fara ba, lokacin da BlackBerry 10 ta fito a 2013 manhajojin tsohuwar BlackBerry ba su yi aiki a kanta ba, masu iPhone ma sun gani a 2017 da iOS 11 ta daina buɗe tsofaffin manhajoji masu bit 32, ga Huawei can a Chana sun fito da HarmonyOS NEXT a 2024 wanda ba ya karɓar manhajar Android kai tsaye. Ni gaskiya ban san duk wannan ba, ina ɗauka in dai Android ce komai na tsohuwa zai hau sabuwa.

Abin da ya fi tsaya min a rai kuma shi ne gaskiyar da kuka faɗa mana. Kun ce akwai hanyar da ake bi ta kwamfuta a tilasta wa wayar ta karɓi manhajar, kuna iya yi ku karɓi kuɗinku mu tafi muna murna, amma ko ta shiga fanko za ta buɗe, domin Xender gangar jikin manhajar kawai ta turo, sunaye da lissafin suna nan a tsohuwar waya. Da wani wajen ne da sai mun koma gida za mu gane haka.

Yaron nan ya jona tsohuwar a caji yana ta taɓa bayanta don kar ta yi zafi, ya bi cikin manhajar lungu-lungu har ya gano inda ake fitar da bayanan a fayil, ya kwashe zuwa laftof. Wasu sunayen sun fito a hargitse, sai ya jawo wa Baba benci kusa da shi, yana karanto gari da yawan turmi Baba yana faɗin sunan mutumin da ka, wani ma har da sunan mahaifinsa, haka suka bi layi-layi ba gajiyawa, aka tashi aka yi la'asar aka dawo aka ci gaba, ga kwastomomi na ta zuwa kai oga kana sallamarsu da kanka ba ka ko ɗaga masa murya ya taso ba. Da aka gama kuka zuba komai a Google Sheets, wato littafin lissafi na Google da ke kan intanet, wanda ke haɗe da imel ɗin Baba yadda ko wayar ta faɗa ruwa lissafin yana nan, kuka buga mana kwafi 2 a takarda don kun lura hankalinsa ya fi kwanciya da abin da zai riƙe a hannu. Kuɗin aikin da kuka faɗa kaɗan ne, na ƙara wani abu a kai ka mayar min da shi aljihu da hannunka.

Tsohuwar wayar tana nan a durowa, an cire batirin kamar yadda kuka ce. Takardar kuma ɗaya na shago ɗaya na gida, jiya ma wani mutumin Maraɗi ya zo Baba ya buɗe sabuwar wayar da kansa ya nemo sunansa suka yi lissafi.

Baba ya ce in gaya maka kai da yaron ku shigo Kwari duk ranar da kuka samu sarari, ya ware muku shadda yadi 5 kowannenku kuma ya ce ba ya son jin a'a. Allah ya yi wa kasuwarku albarka, ya jiƙan iyaye, ya raya zuri'a, shi kuma ƙanina mai gilashi Allah ya nuna mana ranar da zai buɗe nasa shagon.

Naku,
ɗan Alhaji mai atamfa, Kano