Ambaliyar watan Mayu a kogin Lena na Siberiya ba ruwan sama ke kawo ta ba

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki. Na saurari shirinku na ranar Lahadi kan ambaliya, baƙon naku ya yi ƙoƙari gaskiya, sai dai da ya ce wai ƙasashen sanyi na can ƙuryar arewa ba su san wannan masifar ba tunda ba a yi musu ruwa sosai, nan fa na kasa haƙuri.

Ni a Yakutsk na yi karatu, can Siberiya ta Rasha, a bakin kogin Lena. Abin da ke sauka musu a shekara, ruwa da dusar ƙanƙara duka, bai kai milimita 250 ba, ko Damagaram ta fi su samun ruwa. Amma da watan Mayu ya kama hankalin mutanen bakin kogi ba ya kwanciya.

Kogin daga kudu yake tasowa, kusa da tafkin Baikal, ya miƙa arewa sama da kilomita 4,000 kafin ya faɗa teku. To kudu ce ke fara ɗumi, dusar da ta taru wata da watanni ta narke ta gangaro, ta tarar gaba har yanzu kogin a daskare yake kamar an zuba siminti, sai ƙanƙarar ta farfashe ta hau kan juna ta toshe hanya, ruwa kuma ya koma cikin gari. Ƙasar ma ba ta shanyewa, don ƙarƙashinta a daskare yake rani da damina. Na tsaya bakin gaɓa na ga ɓallin ƙanƙara ya fi tsakar gidanmu faɗi yana tafiya yana ƙara, wallahi sai da na ja da baya, 'yan gari kuwa har da yara an zo kallo ana ɗaukar hoto.

A 2001 haka ruwa ya shanye garin Lensk da ke bakin wannan kogin, sai da aka turo jiragen yaƙi suka yi ta jefa bama-bamai a kan ƙanƙarar don ta buɗe. Shi ya sa tun kafin lokacin ake bin kogin ana yanka ƙanƙara da zarto, wani wurin a watsa mata garin gawayi don rana ta yi saurin cin ta.

Don Allah in za ku sake shirin ku gyara wannan wurin, a gaishe min da baƙon naku.

Naku mai sauraro, daga Zariya.