Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Farfesa Celeste Saulo Kan Awon Iska A Ƙasashen Zafi

Zuwa ga Babbar Sakatariyar Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, maganar awon iska ce ta sa na ɗauki alƙalami.

A Turai ko Kanada, masani kan dubi taswirar nauyin iska ya san inda za ta dosa, domin juyawar ƙasa na karkatar da ita bisa tsari sananne. Kusa da layin Ikwaita, wanda ya raba duniya arewa da kudu, karkatarwar ba ta da ƙarfi, wannan dabara ba ta ci, sai an auna iskar kanta. Taurarin ɗan'adam sun fi gane ta a kan teku. A tudu kuwa, sai na'urar da aka kafa.

Ga shi a nan ne iska ke raba shekara biyu. A Afirka ta Yamma, daga Nuwamba zuwa Maris takan taso daga arewa maso gabas, busasshiya, da hazo. Idan ta juyo daga kudu maso yamma, daga Tekun Atlantika, damina ta ƙarato. A Indiya ma haka take juyawa wajen watan Yuni.

Ƙa'idar hukumarki a fili take: a kafa na'urar awon iska a kan sanda mai tsayin mita 10, a sarari, nesa da gini ko bishiya da ninki 10 na tsayinsu, a ɗauki matsakaicin minti 10. Tun Janairun 2023 kuma an wajabta tasha a kowace tazarar kilomita 200, tana aika rahoto sa'a-sa'a. Madalla.

Sai dai kafawa ba wuya, riƙewa ce aiki. Ƙura kan shiga gindin kofunan na'urar da iska ke juyawa su yi nauyi, iska mai laushi ta wuce a rubuta cewa babu. Bishiya ta girma, gari ya cim ma tashar, kibiyar da ke nuna alƙibla ta goce daga arewa. Lambobi na ta zuwa, ba mai zarginsu, har wani ya ɗora bincike a kansu ya ce iska ta ragu. A ganina wannan ya fi rashin tashar illa.

Roƙona, ranki ya daɗe, asusun SOFF na tallafa wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi wajen awon yanayi, da aka kafa a 2021, ya fifita kuɗin gyara, gwajin na'ura da horar da ma'aikata. Kowace tasha kuma ta riƙa bayyana ranar da aka gwada na'urarta, da abin da ya canza a kewayenta.

Naki cikin girmamawa,
Wani mai bibiyar harkar yanayi.